Mai Tulu Biyu

A akwatin ƙarfen Bappa Gidado,
ƙarƙashin lasin tuƙi da tsofaffin rasit,
na tsinci kati guda, gefensa duk ya ci.
Ba irin na 'yan karta ba ne.

Mace ce durƙushe a bakin ruwa,
gwiwa a tudu, ƙafa a tafki,
tulu biyu a hannunta, duka tana tuttulewa.
Taurari takwas a kanta, guda ta fi sauran girma.
Tsirara aka zana ta,
Bappa ya ɗaura mata zani da shuɗin biro.

Inna Dudu ta karɓa, ta nisanta shi da idonta.
Na Baturen dam ne, ta ce,
Ifan, mai jan wuya,
wanda in ka ce masa Ingilishi sai ya ɓata rai,
wai shi mutumin Wels ne, harshensu daban.
Taro yake kiran katin.
Bappanku ya ce, taron suna ko taron sisi?
Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Shekara uku yana tuƙa shi,
Gombe zuwa Dadin Kowa, Dadin Kowa zuwa Gombe.
A hanya ya ba shi labarin.

Wai a ƙasarsu an yi wani kwari mai albarka,
birane goma sha shida, rijiya ɗaya,
da yarinya mai tsaron murfinta.
Wani dare ta bar shi a buɗe.
Ruwa ya yi ta ɓuɓɓugowa,
ya ci gona, ya ci kasuwa, ya ci fadar sarki,
kafin asuba teku ce a wurin.
Har yau, in ji shi, in iska ta kwanta,
masunta kan ji ƙararrawa daga ƙasa.
Ga yarinyar nan, ya ce, ya ɗora yatsa.
Masu karanta katin sun ce ma'anarsa fata nagari.
Ni kuwa rijiyar nake gani.

Bappa bai tanka ba, ya canza giya.
A bayan motar akwai sandar awo da gwangwanin jan fenti,
kuma jan layin da suka shafa ranar Talata
ya bi ta saman tsamiyar ƙofar gidanmu.

Inna ta miƙo mini katin.
Kullum yarinya ce ke barin murfi a buɗe, ta ce.
Masu awo sun tafi da fansho.

Ni ba duba nake yi ba.
Gobe ta Allah ce, takarda ba ta san ta ba.
Jiya nake dubawa.
Tulun dama yana zuba a ruwa,
ruwa kan ruwa, aikin banza,
nan kabarin kakata yake, da turken akuyarta,
da rijiyar da ita ma ta nutse.
Tulun hagu yana zuba a ƙasa,
ya rabu biyar kamar yatsu,
nan shinkafar rani take, da tumatir,
da kuɗin makarantar da ta koya mini
karanta sunan Tauraruwa a gindin katin.
Hannu biyu, mace ɗaya.
Na rasa wanda zan riƙe in ce ya isa.

Da bazara, da ruwa ya ja baya,
na roƙi Buba Kwatami ya kashe injin kwalekwalensa
daidai inda Inna ta kwatanta.
Mu ba mu da ƙararrawa a ƙauyenmu.
Na kasa kunne duk da haka.

Buba ya ce tarwaɗa ce ke bugun katako.
Wataƙila.
Amma bibbiyu yake zuwa, da ɗan hutu a tsakani,
kamar mata biyu a kan turmi ɗaya,
ɗaya ta tsufa, tana jinkirin ɗaga taɓarya.